Cunkoson da kwantirola ba ta gani

Tambayar da aka fi yi mini a kan tsarin SDN, wato sarrafa hanyoyin sadarwa ta hanyar manhaja, ita ce ko zai kawar da cunkoso daga hanyoyin sadarwar kwamfuta gaba ɗaya, kuma na lura masu tambayar sukan zo da amsar da suke so su ji. Ba laifinsu ba ne, domin bayanin tsarin yana da daɗin saurare. A da, kowace na'urar rarraba bayanai, wato suwic ko rawuta, ita take yanke wa kanta shawarar inda za ta tura kowane ƙunshin bayanai, bisa abin da maƙwabtanta suka sanar da ita. SDN ya ɗauke wannan shawara ya miƙa ta ga wata manhaja ta tsakiya da ake kira kwantirola, wadda take ganin taswirar hanyoyin duka, sannan ta rubuta wa kowane suwic dokokin da zai bi. Masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka ne suka gabatar da OpenFlow a shekarar 2008 a matsayin yaren da kwantirola za ta riƙa magana da suwic, kuma daga nan tsarin ya bazu.

Amfanin wannan gani na bai-ɗaya gaskiya ne, kuma hujja mafi ƙarfi da na sani ita ce B4, hanyar da kamfanin Google ya haɗa cibiyoyin adana bayanansa da ita. A bayanin da injiniyoyinsa suka fitar a 2013, sun ce bisa al'ada ana amfani da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ne kawai na ƙarfin manyan layuka masu nisa, ana barin sauran saboda ranar da wani layi zai yanke. Su kuwa sun kai matsakaicin kashi 70, wasu layukan ma suna kusantar cika. Amma ya kamata a lura da dalilin da ya sa hakan ya yiwu musu. Mafi yawan abin da yake bin B4 kwafin manyan bayanai ne daga wata cibiya zuwa wata, wanda ba ya lalacewa idan an jinkirta shi, kuma kamfanin ne yake da iko da manhajojin da suke aikawa, don haka yana iya ce wa wannan ya rage gudu, wancan ya jira. Wanda yake ɗaukar kiran murya da bidiyon mutanen da ba shi da iko da na'urorinsu ba zai iya cika layi haka ba tare da an ji a jika ba.

A cikin cibiya guda ma kwantirola tana da rawar takawa. Injiniyoyi suna kiran manyan kwararar bayanai masu daɗewa giwaye, ƙanana masu saurin ƙarewa kuma ɓeraye. Tsohuwar dabarar ECMP tana raba kwarara a kan hanyoyi masu tsawo ɗaya ta hanyar lissafi a kan adireshi da lambar mashiga, ba ta duban nauyin kowace, saboda haka giwaye biyu suna iya faɗawa layi ɗaya alhali na kusa da shi babu kowa. Tsarin Hedera na 2010 yakan nemo kwararar da ta wuce kashi 10 na ƙarfin layin sabar, wato kwamfutar da take aiko bayanan, ya sauya mata hanya, kuma yana yin wannan zagaye ne duk daƙiƙa 5.

Wannan daƙiƙa 5 ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin a nan iyakar kwantirola take bayyana. A ɗauka mashigai biyu, kowace mai gigabit 10 a daƙiƙa, suna zuba bayanai a mafita guda mai gigabit 10. Rarar da ba ta samu wucewa ba gigabit 10 ce a daƙiƙa, wato gigabayit 1.25, tunda bit 8 ne bayit ɗaya. Idan ma'ajiyar jira ta wannan mafita megabayit ɗaya ce, za ta cika cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, sai suwic ya fara zubar da ƙunshi. Kafin kwantirola ta tambayi alƙaluma, ta yi lissafi, ta aiko da sabuwar doka, abin ya faru ya wuce sau da yawa, sai ya zama ihu bayan hari. Abin da ya fi muni shi ne alƙaluman da za ta karɓa matsakaici ne, suna iya nuna layi yana rabin ƙarfinsa alhali ya cika ya batse na ɗan ƙiftawar ido. Na taɓa shafe kwanaki ina neman dalilin ɓacewar ƙunshi a wani layi da allon sa ido yake nuna mini cewa lafiyarsa ƙalau, kuma wannan ne dalilin.

Saboda haka nake ganin aikin gaggawa dole ya zauna a cikin suwic da kuma na'urorin da suke aikawa. OpenFlow 1.3 na 2012 ya kawo mitoci, waɗanda suke zubar da ƙunshi ko su rage masa daraja idan kwarara ta wuce ƙimar da aka sa mata, kuma ana iya ware jerin jira daban ga murya don kada giwa ta danne ta. Kwantirola ce take saita su tun da wuri, amma suwic ne yake zartarwa nan take. A ɓangaren masu aikawa, darasin ya girmi SDN da shekaru. A watan Oktoba na 1986 gudun layin da ke tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya faɗi daga kilobit 32 zuwa bit 40 a daƙiƙa, abin da ya kai masanin sadarwa Van Jacobson ga gyaran da ya yi a 1988 wa TCP, ƙa'idar aika bayanai tsakanin kwamfutoci, inda mai aikawa yake ja da baya idan ya ga alamar cunkoso. Alamar ECN ta ƙara kyautata wannan, domin suwic yana sa wa ƙunshi tambari maimakon ya zubar da shi, kuma a kanta aka gina DCTCP, nau'in TCP na cibiyoyin adana bayanai, a 2010. Ƙara girman ma'ajiyar jira kuwa, wanda mutane da yawa suke fara tunani, yana rage zubarwa ne ya ƙara jinkiri, har kiran murya ya riƙa zuwa a makare.

Akwai kuma cunkoson da kwantirola take haddasawa da hannunta. Dokokin sauya hanya ba sa isa ga suwic-suwic a lokaci guda, don haka sabuwar kwarara tana iya shiga layi kafin tsohuwar ta fita. Masu tsarin SWAN na Microsoft, shi ma a 2013, sun magance wannan ta hanyar barin kamar kashi 10 na kowane layi a sake, su yi sauyin mataki-mataki. Teburin dokoki na suwic shi ma ƙarami ne kuma mai tsada, kuma idan aka ce kowace sabuwar kwarara sai ta nemi izinin kwantirola, layin neman izinin ne zai fara toshewa. Ni dai a aikina nakan dasa dokokin ɓeraye tun da farko su wuce ba tare da tambaya ba, in bar wa kwantirola giwaye da rabon ƙarfin layi tsakanin manhajoji, kuma ba na yarda da alƙaluman matsakaici sai na duba ƙididdigar ƙunshin da aka zubar a kowace mafita.