Mai Teɓa da Gwajin PSA: Lambar Takarda Tana Iya Ruɗar Mutum

Dattijo zai fito daga ɗakin gwaji da takarda a hannu, PSA ɗinsa 3.5, a ce masa bai kai 4 ba, lambar da daga ita ake fara zargin ciwon dajin furostet, ya tafi gida hankali kwance. Idan siriri ne, wataƙila haka ne. Idan mai ƙiba ne, sai a sake duba maganar.

PSA wani sinadari ne da furostet ke fitarwa, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarsa. Kaɗan daga cikinsa na shiga jini, shi ake aunawa, domin hawansa yana iya zama alamar ciwon daji a furostet. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, gwajin ba ya ƙidaya duka PSA ɗin da ke jiki, kaurinsa a cikin kowace mililita ta jini yake aunawa. Zuba cokali ɗaya na sukari a ƙaramar ƙwaryar fura, ka zuba cokali ɗaya a babba. Sukarin ɗaya ne, zaƙin ba ɗaya ba. Mai babban jiki ruwan jininsa ya fi yawa, sai PSA ya tsarma, lambar ta sauka.

Wani bincike da mujallar JAMA ta Amurka ta buga a 2007, kan maza kusan 14,000 da aka yi wa tiyatar dajin furostet, ya nuna masu ƙiba sosai PSA ɗinsu ya yi ƙasa da na masu matsakaicin jiki da kashi 11 zuwa 21 cikin ɗari. Kitse kuma yana rage sinadarin mazakuta a jiki, wannan ma yana da hannu. Abin takaicin, dajin da ake samu a masu ƙiba ya fi zama mai zafi, ga shi ana iya gano shi a makare.

Don sanin inda ka tsaya, raba nauyinka na kilo da tsayinka na mita sau biyu. Mai kilo 100 da tsayin mita 1.75 zai samu kusan 33, kuma daga 30 ne ake kiran ƙiba. Ko ka ɗauki tef ɗin tela ka zagaya cikinka daidai cibiya, ba inda mazagin wando ke zama ba: inci 40 ya yi yawa.

Kafin a ɗibi jinin, a bar kusantar iyali da doguwar tafiya a keke na kwana 2, domin suna ɗaga lambar. Ciwon sanyin fitsari ma haka, a jira kamar mako 6 bayan magani. Maganin kumburin furostet irin finasteride kuwa rage lambar yake yi kusan rabi, don haka a faɗa wa likita.

Baƙar fata sun fi fuskantar dajin furostet, shi ya sa ake so a fara tuntuɓar likita tun daga shekara 45. A Sakkwato akwai likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ka tafi da tsofaffin takardunka, domin hawan lambar daga bara zuwa bana ya fi lamba ɗaya faɗin gaskiya. Idan likita ya ce zai duba furostet da yatsa ta dubura, kunya ba ta da wuri a nan.