Bakanike ɗan Kano a garejin Damagaram

Da na ce wa mutanen gida zan koma Damagaram da zama, dariya suka yi, wai wannan ai ba ƙasar waje ba ce. Ta wani ɓangaren da gaskiyarsu. Ka bar Kano da safe, ka bi ta Daura, da rana kana Zinder, wato Damagaram ta Nijar, kuma Hausa ake yi a kasuwar Dole da masallaci. Sai ka zauna za ka gane. Kuɗi sefa ne, da dala ake ƙirga su, kowace dala sefa biyar, mai shayi ya ce dala ashirin ka tsaya kana lissafi da yatsu yara na kallonka. Takardun mota duk da Faransanci. In zafi ya kankama, ruwa sai ka bi 'yan ga-ruwa.

A sana'a, kayan gyara ne suka fi ba ni wuya. A Kano ka shiga Ƙofar Ruwa ka fito da abin da kake nema. A nan yawancin kayan daga Najeriya suke zuwa, da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023 kuwa, kowa ya koma kan abin da ke hannunsa.

A lokacin ne wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya kawo Fijo 504 garejin maigidana. Irin motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, wadda Kaduna ma ta daɗe tana harhaɗawa, amma tasa mai giyar otomatik ce ta kamfanin ZF, giya uku. Injin ya buga. Aka samo wani mai lita biyu daga motar giyar hannu, aka ɗora, ya tashi lafiya, yaran gareji har suna tafi.

Na ce, "Maigida, kada a fita da ita tukuna."

Kaburetar Solex da ta zo da injin ba ta da hannun da wayar giya ke maƙalewa, wato wayar da ke haɗa totur da giyar otomatik. Da yawa suna ɗauka aikin wayar nan kawai ta mayar da giya baya in an take totur ƙasa, shi ya sa suke ɗaure ta ko'ina da wayar ƙarfe. Alhali ita ke gaya wa giya yadda direba ya taka, giya kuma ta ƙara ko ta rage ƙarfin man cikinta a kan haka. In ta yi sako-sako, giya na canzawa da wuri, faifan ciki na sulɓewa, mota na tafiya luwai-luwai har ranar da man ya yi baƙi yana warin ƙuna. In ta ɗaure da yawa, injin ya yi ta kuka kafin giya ta shiga da bugu.

Tsohuwar kaburetar ta lalace, amma hannunta na nan. Na auna tazarar da ke tsakanin sandar totur da ƙusar da wayar ke kamawa, domin tazarar nan ce ke yanke tsawon jan. Ko ta ƙaru kaɗan, wayar za ta ƙure kafin bakin kabureta ya gama buɗewa. Mai walda na maƙwabta ya yanka mana ƙarfe daidai awon, muka kafa shi a kusurwar da tsohon yake. Yaro ya take totur har ƙasa, injin a kashe, ina duba ko su biyun na kai ƙarshe tare.

Muka gwada ta a hanyar Mirya, dattijon na gaba yana saurare. Da ta shiga ta uku ba gigita, ya juyo ya ce, "Yaro, ɗan wace unguwa ne kai a Kano?" A ranar ya sa aka nemo min ɗaki a Zango kusa da gidan ƙanensa, inda akwai famfo a tsakar gida. Ya ce in iyalina sun iso a kai su su gaida Hajiya.