Tsakanin tukunyar miya da kek ɗin yara

Ni dai a kicin ɗina aiki kala biyu ne ke cin min lokaci, akwai wanda ake ci kullum ba mai ko ce miki sannu, wato tuwo da miya, sai kuma wanda ake yi wa kowane yaro sau ɗaya a shekara a ɗauki hoto a yi ta turawa dangi a WhatsApp, wato kek ɗin bazde. Mu bakwai ake ɗora wa tukunya, ni da Abban yara da yara huɗu da ƙanwarsa da take karatu a nan Kano, kuma kun san gidan Bahaushe ba a girki cif-cif, dole a bar na baƙo a bar na almajirin da zai zo da robarsa bayan magariba.

Bari in fara da miya tunda ita ce ta kullum. Miyar kuka kowa cewa yake ai ita ce mafi sauƙi, amma wallahi ita ce ke tona asirin mai girki, don babu tumatir babu soye-soye da za ki ɓuya a bayansu. Abin da na gane shi ne ba kukar ce miyar ba, ruwan da za ki kaɗa ta a ciki shi ne komai. Ina daka daddawa da citta da masoro da kanumfari ɗan kaɗan da busasshen barkono da albasa, in daka wake kamar cikin tafin hannu in haɗa, duk in zuba a ruwan nama ko ƙashi, in babu nama busasshen kifi ma ya wadatar, sai in barshi ya yi ta tafasa ba gaggawa har warin ɗanyar daddawa ya mutu, waken ya narke, ƙamshi ya fara fita tsakar gida. To a nan ne mata da yawa ke yin sauri, ruwa na tafasowa sai kawai a kaɗa kuka, shi yasa za ki ji miya tana warin daddawa yara suna ture kwano. In ruwan ya dahu sai in rage wuta, hannu ɗaya na barbaɗa kuka ɗaya na kaɗawa da maburgi don kar ta yi gudaji, minti biyar ta isa, kuma ba na rufe ta ruf bayan na kaɗa. Kukar ma sai kin zaɓa, koriya shar wadda aka shanya a inuwa, ba wadda rana ta cinye ta koma ruwan ƙasa ba, kuma ko wa ya sayar miki ki sake tankaɗewa, don babu abin da ke ɓata wa maigida rai irin ya kai loma ya tauna yashi. A ƙarshe man shanu da aka soya da albasa, cokali ɗaya a kan kowane kwano, shikenan.

Miyar dage-dage kuwa matsalarta tsami ne da tsadar kayan miya. Tumatir a Kano da lokacinsa, in kayan noman rani na wajen Kura da Kadawa suka shigo sai ki ga kwando ya yi araha a Yankaba, da damina ta kankama kuma sai ya koma sai mai hali. Ni da maƙwabciyata mukan haɗa kuɗi mu sayi kwando lokacin araha, da tattasai da attaruhu, rabi a yanka a shanya, rabi a kai inji a markaɗo in tafasa shi ba mai ba komai har ruwan ya ƙone ya yi kauri, in zuba a kwalabe masu tsabta in tsiyaya man gyaɗa a sama. Wannan tafasawar ita ce kuma maganin tsami, ba sai kin yi ta zabga kanwa har miya ta yi duhu ta canja ɗanɗano ba, in ma zan sa to ɗan mitsitsi ne. Yaji kuma tun da yara suka fara cin abincin gida na rage shi a tukunya, na daka wa Abbansu yajin tafarnuwa a kwalba, mai so ya barbaɗa a nasa.

Miyar taushe ba zan tsaya a kanta ba, kabewa ta dahu ta narke, gyaɗa ta dahu sosai kafin ganye, alayyahu da yakuwa su shiga a ƙarshe, yakuwar kuma da hannu mai sanyi.

To maganar kek. Babbar 'yata ce ta dawo daga makaranta wata rana da ɗan yanka a tishu, wai wata 'yar ajinsu aka kawo wa, daga nan fa kunnena bai sake hutawa ba, Umma nima a yi min, Umma nima mai fulawoyi. Na tambayi kuɗin na saye a wajen masu yi na ji abin ba na mai yara huɗu ba ne, balle bayan an cire tallafin mai a 2023 da kwai da bota da suga duk suka tashi, sai nace bari in gwada da hannuna. Hajiya, wato surukata, da ta ji sai ta ce ita fa wannan bikin ranar haihuwa ba ta san shi ba, al'adar Nasara ce. Nace Hajiya ki yi haƙuri ba biki za a yi ba, ba kiɗa ba hura kyandir, yara ne za su zauna a tabarma a yi wa yaro addu'a a yanka a raba har da maƙwabta. Ba ta ce eh ba ba ta ce a'a ba. Ni ba malama ba ce ba zan ba kowa fatawa ba, kowane gida da tsarinsa, amma a nawa haka muke yi, kuma irin kek ɗin nake yi in yaro ya haɗa izu a Islamiyya, wannan kam Hajiya da kanta take tambaya ko an ajiye mata nata.

Kwaɓina ba ya canjawa. Bota giram 250, irin Simas ɗin nan ta leda, fulawa giram 250, suga kuma ina tsayawa a 200 saboda aisin, wato haɗin bota da suga da ake shafa wa kek a sama, zai ƙaro zaƙi, kwai 5, bekin fauda ƙaramin cokali 2, filebo, da 'yar madara in kwaɓin ya yi tauri. Aikin duk yana wajen buga bota da suga, sai sun yi fari sun yi sauƙi kin daina jin ƙaras-ƙaras sosai, in da mikisa da wuta to alhamdulillah, in babu sai ki zauna da roba da ƙaramar muciya ki yi ta yi har kafaɗa ta gaya miki. Kwai ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne ki fasa a kofi daban tukuna, don a zafin nan kwai ɗaya da ya lalace zai jawo miki asarar bota da suga gaba ɗaya. Fulawa in ta shiga an gama bugu, juyawa ce kawai a hankali har ta ɓace, in kika ci gaba da bugu kek ɗin zai fito da tauri.

Oben ina da shi amma na wuta ne, kun kuwa san halin wutar, tana iya ɗaukewa kek na tsakiyar tashi ya zauna daɓas. Shi yasa na fi yarda da tukunya. Babbar tukunya mai kauri, in zuba wankakken yashi busasshe kamar tsayin gaɓar yatsa biyu, in rufe in barshi ya yi zafi minti goma, in ɗora 'yar waya ko murafen gwangwani don kar gindin gwangwanin kek ɗin ya zauna a kan yashin kai tsaye, in shafa bota in barbaɗa fulawa, kwaɓi kuma kar ya wuce kashi biyu cikin uku na gwangwanin. Wuta can ƙasa. Rabin awar farko ko yara sun yi ta roƙo ba a buɗewa, iska na shiga tsakiyar zai lotsa. In a kan gawayi ne sai in ɗebi 'yan garwashi in ɗora a kan murfin don sama ma ya gasu. Wajen minti 45 zuwa awa ɗaya sai in soka tsinken sakace a tsakiya, ya fito a bushe to ya yi. Mai oben da tabbacin wuta ko na gas, digiri 170 zuwa 180 ya isa.

Inda na fi shan karatu shi ne kwalliyar, don duk bidiyon da nake kallo a YouTube matan nan a kicin mai sanyi suke da firiji da ba ya ɗaukewa, ba wadda ta taɓa gaya min yadda ake aisin a Kano a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, alhali bota tun daga talatin da 'yan kai take fara sakin jiki. Kuma Allah da ikonsa yarana kowa da lokacin da ya zo, akwai 'yar bazara, akwai ɗan tsakiyar damina, biyu kuma 'yan hunturu, sai ya zama kowane kek da irin rigimarsa. Haɗin dai ɗaya ne, bota giram 250 aisin suga giram 500, a tankaɗe sugan, a buga botar ita kaɗai tukuna ta yi fari sannan a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Na bazara ina gasa shi da daddare ya kwana ya huce sarai, don ko ɗumi-ɗumi ne aisin zai zame, sai in tashi bayan sallar asuba in yi kwalliyar kafin rana ta fito. Ina sayen ƙanƙara in zuba a kula, in raba aisin ɗin leda biyu, ɗaya a hannuna ɗaya na hutawa a kan ƙanƙara, saboda zafin tafin hannu kaɗai ya isa ya narkar da shi kina cikin matsa fulawar kwalliya ki ga ta kwanta. Da hunturu kuma akasin haka ne, botar ta yi tauri taƙi buguwa sai na ɗora robar a kan ruwan ɗumi na ɗan lokaci, amma fa kwalliya a lokacin daɗi gare ta, duk abin da kika zana yana nan tsaye har dare. Fondan, wato kwaɓin sugan nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, na gwada na ajiye, da damina gumi yake yana danƙo yana kama hannu, da hunturu iska ta busar da shi ya tsattsage, ga tsada, sannan yaran ma ɓare shi suke su ajiye a gefen faranti.

Kafin kowace kwalliya ina yanke tudun saman da wuƙar burodi ya zama daidai, in kifa shi gindin ya koma sama don ya fi santsi, sai in yi shafar farko siririya wadda aikinta kawai ta kama ɓurɓushi, in barta ta ɗan daskare a gaban fanka ko cikin kula, sannan in yi ta biyu mai kauri. In kika tsallake ta farkon nan duk ɓurɓushin zai fito a fuskar kek ɗin kamar tsakuwa a shinkafa. Kala kuma da bakin tsinke ake ɗiba ba da cokali ba, kuma mai kauri ta fi ta ruwa don ta ruwa tana tsinka aisin. Ja ya fi kowace wahala, kina zubawa yana tsayawa a ruwan hoda, in kika biye masa kika yi ta ƙarawa sai ya yi ɗaci, gara ki haɗa tun dare ki rufe, kafin safe zai ƙara nuna da kansa. Baƙi kuwa da hodar cakulan ake farawa sannan a ɗiga kalar, ba daga fari ba.

Rubutun suna ina fara zana shi da tsinke a hankali, in bai zauna a tsakiya ba in shafe in sake, sai na gamsu in bi sawun da leda da na yanke wa ɗan ƙaramin baki. Nozul, wato ɗan bakin da ake sa wa leda a matsa kwalliya, ɗaya gare ni mai tauraro kuma ya ishe ni. Gaskiya ma yara ba santsin gefe suke kallo ba, mu manya ne ke damun kanmu da wannan, ɗana da ya ce filin ƙwallo yake so kwakwa na goga na murje ta da koriyar kala na barbaɗe saman, na ja layi da farin aisin, na wanke 'yar ƙwallonsa ta roba na ɗora a tsakiya, yaron nan har ajinsu ya je yana ba da labari. In gefe ya ƙi yin kyau sai in jera biskit ɗin wefa a tsaye in zagaye in ɗaure da ribon, ba mai sanin abin da ke ƙasa. Abu ɗaya dai, duk tsinke ko ƙaramin abin wasa ko alawa mai tauri ina cirewa da hannuna kafin a miƙa wa ƙanana.

Ranar kek kuma ba ta hana cin tuwo, wannan sai da na tsara shi, don in kin biye wa kwalliya sai azahar ta yi ba ki ɗora komai ba. Miya tun jiya nake yinta in ɗumama da safe, in iyayen yaran maƙwabta za su shigo sai in jiƙa shinkafar waina a ci da taushe, kek ɗin kuma bayan la'asar ake yankawa ƙanana-ƙanana, bayan kowa ya ci abinci, in ba haka ba su cika ciki da zaƙi su ƙi tuwon dare sannan ƙarfe goma wani ya taso ki wai yunwa yake ji.

Yanzu matan layinmu sun fara cewa in riƙa yi musu su biya, na yi wa mutum biyu-uku, amma sharaɗina su kawo kayan da kansu don su ga abin da kwai da bota ke ci, kuma duk wadda ɗanta ɗan Maris ne ko Afrilu na gaya mata ta turo a ɗauka kafin ƙarfe takwas na safe, a riƙe shi a cinya a cikin adaidaita, in ya narke a hanya kuma babu ruwana.