Inna da lemun cikin duro

Talata. Zafin Tawa na Afrilu ba sai na ba ku labari ba. Pampo bai kawo ruwa ba sai tsakar dare, Baban Nana ya tashi ya cika bidunanmu, ni kuma da asuba kahin in tahi lakkol na shayar da lemun tsami da gwaiba. Magariya kaɗan na yayyafa mata, ita yanzu hutu take, ganyenta duk ya zube.

Lakkol dai lakkol ce. Yara sun galabaita, ni ma haka.

Na dawo na iske Inna ta iso daga Keita, har ta yi wanka ta baje tabarma. Murna kamar mi, ta zo ma Nana da ƙuli-ƙuli da busasshen tumatir rabin buhu. Bayan la'asar ta ce in nuna mata garkar da ake ta ba ta labari a waya. Magariya ta fara burge ta, ta ce wagga ce mai manyan ɗiyan nan da kuka aiko min da sanyi? Na ce ita ce Inna. Na nuna mata ƙullin wurin da aka yi auren, ƙasa magariyar daji ce irin tamu, sama kuma irin Indiya ne, wanda ake ce ma pom di Sahel, masu binciken noma na cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai suka yaɗa shi. Ta duƙa ta ga wasu ƴan tohon da suka hito ƙasan ƙullin, ganyensu ƙanana ƙayarsu tsini, ta ce waɗanga na gida ne ko? Na ce e, kuma in aka bar su su za su shanye ƙarhin uwar, na sa reza na cire su gabanta. Na ce mata kwanan nan ma zan sassare rassan gaba ɗaya don a sabon reshe take ɗiya, ta yi ta dariya wai magariya ma ta shiga boko.

Sai muka zo kan lemu. Ta dafa duron ta janye hannu da sauri don ƙarhen ya ɗau rana. Ta yi shiru, sannan ta ce, ke, wanga icce mi ya yi miki kika ɗaure shi awa akuyar layya, ga ƙasar Allah nan kusa da shi?

Na ce Inna gidan haya ne hwa. Kin san abin da ya faru da mangwarona a tsohon gida, da zafi irin wanga daga ƴan garuwa nike sayen ruwa in ba shi, ya kai kaina tsawo, ko huren farko bai yi ba muka tashi, mai gidan ya sare shi ya gina shago. Duro ko in za mu tashi sai a aza shi bisa amalanke.

Ta ce, to mu da muka yi aikin Keita? Daga 1984 da Turawan Italiya suka kawo furojen nan, mata muka hi yawa, mu ka ɗaukar duwatsu bisa kai muna jerawa, mu gina ramu bisa tsauni mu sa icce, a biya mu da abinci. Tsaunin na ubana ne? Ta ce yau wasu ke kiwo ƙarƙashinsu, ba su san sunana ba, kuma ban ji ciwo ba. Iyakar abin da ta ce ke nan, ta tahi alwala.

Wallahi maganar nan ta hana ni sakat har yanzu. Don ta wani gehen tana da gaskiya, ni kaina ina ganin lemun nan yana wahala. Na huda gindin duron, na sa tsakuwa ƙasa, na haɗa rairayi da ruɓaɓɓen kashin awaki, duk na yi, amma saiwa ta cika shi tana zagaye, da rana ganyen ya nannaɗe, ɗiyan da ya ɗaura suna kai girman gujiya su kakkaɓe. A ƙasa da saiwar ta nutsa ta sami sanyi. Na sani.

Amma ita Inna bedin da ta dasa ƙohwar gidanta ba wanda zai zo da gatari ya ce gidanshi ne. Ni na tsaya na ga kututturen mangwarona da idona, an jingina bulo jikinshi, kuma sai in ga kamar ba ta ji wannan ba sam, ko ta ji ta ɗauke shi ƙaramin abu. Abin da ya hi cina ma shi ne ban iya mayar mata ba, uwa ce, na ce to Inna kawai, alhali cikina cike da magana.

Da na gaya ma Baban Nana cewa ya yi sai a tambayi mai gida tukun. Ban tanka ba.

An ɗauke kuran tun magariba, waya saura kaɗan. Gara ta fara gini jikin duron gwaiba, na barbaɗa toka. Gobe in Allah ya kai mu zan naɗe na lemu da tsohon buhu in riƙa jiƙa shi, in matsar da shi inuwar bango ta yamma.

Gwaiba da magariya dai ba su sauka ƙasa, ko Inna za ta yi hushi. Lemun ne nike ta juyawa a raina, ko zuwa 3 ga Agusta ranar dashen icce, in damina ta zauna.