Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarar Sanƙarau

A makon da ya gabata na tsaya ne a inda aka mayar da ni ɗakin kwantar da yara na babban asibitin wata ƙaramar hukuma a jihar Kano, a ƙarshen shekarar 1995. Ban daɗe da kama aiki a ɗakin ba hunturu ya shigo da ƙurarsa, kuma tun kafin zafin bazara ya kankama muka fara karɓar yara masu zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya, jarirai kuwa sai a kawo su maɗigarsu ta kumbura. Tsofaffin ma'aikata sun saba ganin sanƙarau kowane rani, yana lafawa da zarar ruwan sama ya sauka, amma na 1996 ya wuce duk wanda suka taɓa gani. Alƙaluman da aka fitar daga baya sun nuna cewa fiye da mutum 100,000 ne suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, ga kuma ƙyanda da amai da gudawa da suka haɗu da shi a lokaci guda.

Gadaje suka ƙare, muka koma shimfiɗa tabarmi a baranda, daga baya har ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakar asibiti, muna rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa. Maganin da aka fi dogaro da shi a wancan lokaci shi ne allurar kuloramfenikol mai haɗe da mai, wadda ake yi sau ɗaya a tsoka, a maimaita bayan kwana ɗaya ko biyu idan ba a ga sauƙi ba. Allura ce mai kauri da wahalar turawa, don haka muke raba ta gida biyu, a yi rabi a kowane ɓangare.

Shugabar ɗakinmu, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya da kowa yake kira Matiron, ta fi mayar da hankali kan abin da yake biyo bayan allurar, domin a cewarta a nan ake rasa yaran da magani ya riga ya fara yi wa aiki. Yaron da ya fita hayyacinsa ana kwantar da shi ne a gefensa don kada amai ya koma masa huhu, a juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, a goge masa baki, a kuma rubuta yawan fitsarin da ya yi. Idan jijjiga ta taso ba a danne shi, ba a kuma cusa masa cokali a baki, sai dai a kawar da duk abin da zai ji masa rauni a kira mu. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne hana iyaye mata ɗura kunu ko rubutu a bakin yaron da ba ya iya haɗiya. Matiron ba ta taɓa yi wa uwa tsawa a kan wannan ba. Takan ce, "'Yata, shafa masa rubutun a goshi da ƙirji, ki ci gaba da addu'a, ranar da ya buɗe ido ya nemi ruwa ni da kaina zan ce ki ba shi." A ganina wannan dabarar ta ceci yara da yawa, domin uwar da aka kunyata a gaban jama'a takan jira dare ya raba ne ta yi abin da aka hana ta.

Ta fuskar kare kanmu kuwa, kayan aiki sun yi ƙaranci ƙwarai. Ƙwayar cutar tana bin tari da atishawa da majina, don haka wanda ya sunkuya kan yaro yana share masa maƙogwaro shi ne ya fi shiga haɗari, sai dai bayan awa 24 da fara magani mai inganci majiyyaci ba ya ƙara yaɗa ta. Da wannan lissafi muke rabon ɗan takunkumin da muke da shi, a ba masu karɓar sababbin zuwa. Aka yi mana allurar rigakafi, aka ajiye buta da sabulu a ƙofar ɗaki saboda famfo ba ya kawo ruwa, aka kuma kafa mana doka cewa ba a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita, domin a wajen mayar da murfin ne ma'aikaci ya fi soke yatsarsa, alhali ciwon hanta da ƙanjamau duk ta wannan hanyar suke shiga.

A farkon annobar likita yakan ɗebi ruwan gadon baya don ya tabbatar da irin ciwon, kuma kasancewar shi ɗan Kudu ne da Hausarsa ba ta nuna ba, ni ce tafintarsa. Wata rana wani dattijo ya kawo jikansa, na yi masa bayanin abin da ake so a yi, sai ya ce, "Sista, mun ji an ce duk yaron da aka tsira wa allura a baya ba ya ƙara taka ƙasa." Na ce, "Baba, allurar tana shiga ne ƙasa da inda laka ta ƙare, ruwa kaɗan za a ɗiba. Na mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau kuwa sai ka gan shi kamar farau-farau. Ciwon ne yake kurmantar da yaro ko ya nakasa shi idan aka yi jinkiri." Ya yi shiru, sannan ya ce ya ji, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, a yi wa yaron allurar magani kawai. Wani abokin aikinmu ya fusata ya ce to ya ɗauki jikansa ya tafi gida. Matiron ta taka masa burki nan take, ta ce wanda ya ƙi abu ɗaya bai sarayar da haƙƙinsa na sauran magani ba. Aka rubuta a katin yaron cewa an yi bayani kakansa bai amince ba, aka yi masa allura, aka ci gaba da jinyarsa kamar kowa.

Akwai kuma matan da suke zuwa su kaɗai saboda maigida ya tafi cin rani, su ce ba za su iya amincewa da komai ba sai da izininsa. Idan abin na jira ne mukan jira, a aika a kira wa ko kawu. Idan kuwa rai ne a kan siraɗi, ƙa'idar aiki ta ba da damar a ceci ran tukuna, sannan a zaunar da dangi a faɗa musu duk abin da aka yi ba tare da ɓoye komai ba.

A cikin waɗannan watanni ne, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin Kano da ake kira Asibitin Zana, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara. Yara kusan 200 aka saka a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani, 11 suka rasu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Labarin bai fasu sosai ba sai a Disambar 2000, lokacin da jaridar Washington Post ta buga bincikenta. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma sanar da su cewa ƙungiyar likitoci ta MSF tana ba da sanannen magani kyauta a harabar asibitin ba. Kamfanin ya musanta, ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma amince da baki, kuma sanƙarau ne ya kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Wannan kariya da kamfanin ya kawo ta daɗe tana yi mini nauyi, domin ta nuna cewa a ƙarshe maganar takan dawo ne kan bakin tafinta, wato irina. Uwar da ɗanta yake jijjiga a hannunta za ta dangwala yatsa a kan kowace takarda aka miƙa mata, kuma ni ban ɗauki wannan dangwale a matsayin amincewa ba sai an gaya mata a fili ko magani ne tabbatacce ko gwaji, da illar da ka iya biyowa, da cewa tana da ikon ta ƙi a kuma ci gaba da duba ɗanta. Tun daga nan na ɗauki al'adar sa mai jinya ya maimaita mini abin da na faɗa da nasa kalmomin kafin na miƙa masa takarda.

An dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, da aka ci gaba kuwa a Yulin 2004, ina cikin waɗanda suka riƙa shiga gida-gida, kuma ba sau ɗaya ba magidanci ya tare mu a zaure yana ambaton yaran Asibitin Zana. Dalilan ƙin rigakafin suna da yawa, har da na siyasa, amma wannan shi ne wanda ba mu da amsarsa. Ma'aikaciyar da take tsaye a ƙofar gida da akwatin rigakafi ita ce take shan zagi da kora, kuma a Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe masu aikin rigakafi tara a birnin Kano. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta zo ta rubuta abubuwan da Matiron take koya mana da baki: a sanar da majiyyaci halin da yake ciki da harshen da yake fahimta, a rufa masa asiri, kada a ƙi karɓarsa a halin gaggawa, kada kuma a saka shi a bincike sai da amincewarsa a rubuce.

Ruwan sama ya sauka a watan Yunin 1996, sababbin kamuwa da sanƙarau suka ragu, muka naɗe tabarmin baranda muka wanke ɗakin da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Kafin ƙarshen daminar aka ba ni takardar komawa ɗakin haihuwa, kuma daga nan zan ɗora a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.