Abin da zaman rukuni ya koya min kafin in bar asibitinmu

Jiya na miƙa makullin ɗakin awo, an yi min canjin wurin aiki, to bari in amayar da abin da ke raina tunda yanzu ba mai kirana ofis.

Duk wanda ya yi aiki a ƙaramin asibiti nan Zamfara ya san matan nan, wata uku tana zarya ciwon kai, ba barci, zuciya na bugawa, a gwada maleriya babu, a ba ta farasitamol ta tafi ta dawo. In ka tona sai ka ji 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu ko an kashe miji ko an sai da gona an biya kuɗin fansa. Ka ce ta tafi Kware can Sakkwato ta ga likitan ƙwaƙwalwa? Kuɗin mota ma babu, kuma za ta ce maka ita ba mahaukaciya ba ce.

Shi ya sa na yi murna da aka koya mana zaman rukuni na masu ciwon damuwa, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016. Mutum 6 zuwa 10, zama 8, sati-sati, awa ɗaya da rabi, kuma ba sai likita ba, irinmu ma za mu iya jan shi. Amma kafin a tara su dole ka zauna da kowacce ita kaɗai, ka ji matsalarta, ka ji gidan da take, ka ja kunne kan amana. Nan na yi ɓarna.

Ranar Litinin oga ya ce baƙi na zuwa Alhamis yana son ya ga tabarma cike, na ce ranka ya daɗe ban gana da su ɗai-ɗai ba, ya ce ke dai tara su. Na buɗe rajista na zaɓo mata 9. A zama na uku wata yarinya mai goyo ta saki jiki ta faɗi abin da aka yi mata kwanakin da ta yi a daji hannun mutanen nan, abin da ko mijinta bai sani ba, ashe wadda ke zaune kusa da ƙofa maƙwabciyar gidan iyayen kishiyarta ce. Kafin Juma'a magana ta isa gida.

Sati na zagayowa ta zo amma ba ta shigo ba, ta tsaya bakin taga ta aje katinta ta ce "Malama ba ke kic ce maganag ga nan za ta tsaya ba?" Ba kuka ba faɗa, ta gyara goyo ta juya. Wallahi har yau ina jin muryar nan. A mitin kuma oga ko kunya babu ya ce ni ce ban bi abin da aka koya min ba, alhali hoton ranar Alhamis ɗin na nan shafin farko na rahotonsa.

Sauran ƙanana ne. Kar a sa zama ranar rigakafi. Kar a kira shi da sunan ƙwaƙwalwa, mu zaman hira muke cewa. A rufe taga. Wadda ta ambaci kashe kanta a gan ta ita kaɗai a ranar, a tura ta gaba. Duk ogan da ya matsa miki kan hoto ki ce ya rubuto a takarda.

Rukuni na biyu sati biyu na yi ina ganawa da su ɗai-ɗai, oga na ta tsaki. Mata 7 ne kuma su 7 suka gama, har adashe suka kafa bayan nan. Katin waccan kuwa yana cikin jakata, da shi na taho.