Layi ɗaya da na rubuta ya ci mini wata biyu

Tun muna aji biyu a jami'a aka zana mana hoton: atom-atom a jere cikin kiristal, sifirin ya haɗa kowane da maƙwabcinsa, suna kai da komo kamar lilo. Wannan girgiza ita ake kira fonon. Hoton ya zauna mini daram a ka, har ban taɓa tambayar ko atom zai iya zagaye mazauninsa ba, kamar yadda muciya ke zagaya tukunya.

Ashe yana iyawa. A 2014 Lifa Zhang da Qian Niu suka nuna a lissafi cewa fonon na iya ɗaukar ƙarfin juyi, irin wanda ke riƙe katantanwa a tsaye idan yaro ya murza ta. A 2018 masu bincike a Berkeley ta Amurka suka ga alamar abin a shimfiɗa guda ta sinadarin WSe2, wato haɗin tungsten da seleniyom, inda atom-atom na seleniyom ke zagaye. Aikin da aka ba ni a digiri na biyu shi ne in maimaita wannan lissafin a kwamfuta.

Sifili nake samu, kullum sifili. Na canza ma'auni, na ƙara yawan ɗigo, na kwana ina gadin kwamfuta don kada ɗaukewar wuta ta katse aikin. Ranar da malamina ya zauna kusa da ni, bai fi minti goma yana duba shirin ba ya ɗora yatsa a kan wani layi. "Malama, wa ya ce ki zubar da wannan?" Na ce, "Malam, na ga motsin atom abu ne na zahiri, shi ya sa na cire ɓangaren ƙage." Lambobin da ke bayyana motsin ɓangare biyu gare su, na zahiri da na ƙage, kuma na ƙagen ne ke faɗin ko motsin gefe ya riga na gaba da rubu'in zango. Wannan ratar ita ce da'irar. Da hannuna na miƙar da kowace da'ira ta koma lilo, domin lilo kaɗai na sani. Wallahi har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Da na gyara, wani sifilin ya sake fitowa, amma wannan na gaskiya ne. A taswirar girgizar kiristal ɗin, a kusurwar da ake kira K juyin ya nufi dama, a kishiyarta K' ya nufi hagu, jimilla ta tashi babu. Da jimillar kaɗai na kalla, da na rantse babu abin da ke juyawa a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsufan tambayar. Tun 1915 Einstein da de Haas suka rataye sandar ƙarfe, suka juya maganaɗisunta, sandar ta murɗa. To ta wace hanya juyin ke barin ƙwayoyin lantarki masu ɗauke da maganaɗisun ya shiga jikin ƙarfen? A 2022 aka haska lesa a kan nikel, maganaɗisun ya ragu cikin ƙiftawar da ba ta kai ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa ba, aka kuma ga atom-atom sun kama zagaye. Su ne suka fara karɓar juyin.

Layin nan yana nan a shirina, ban share shi ba. Na dai kashe shi, na rubuta kwanan wata a gefensa.